KANO ZUWA JIDDA: SA'A NAWA NE A JIRGIN SAMA?

Tambayar da ta fi yawa a bakin maniyyata kowace shekara, in an ɗebe ta kuɗin kujera, ita ce wannan: daga Kano zuwa Jidda sa'a nawa jirgi ke yi? A da ko yaron da ke rakiyar kakansa filin jirgi ya san amsa, sa'a huɗu da rabi, in ta yi tsawo biyar. Amma da yawa daga cikin alhazan 2023 da suka komo gida sai suka zo da wani lissafi dabam, wannan ya ce shida da rabi ya yi a sama, wancan ya ce bakwai. Ga Kano tana nan a gindin Dala inda aka san ta, ga Jidda a bakin Bahar Maliya, ba wadda ta gusa ko da taƙi ɗaya. To, ina sa'a biyun nan suka fito? Ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san amsar sosai, gama su jama'a ke tambaya, su ne kuma ke rubuta takardun kuɗin da talaka ya shekara goma yana tarawa.

Mu fara da awo. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, tana kuma digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwic na Ingila. Jidda tana wajen digiri 21 da rabi arewa, digiri 39 gabas. Wanda ke da ƙwallon taswirar duniya a makarantarsa ya sami zare, ya danne baki ɗaya a kan Kano, ya ja shi ya miƙe sak har Jidda, sa'an nan ya auna. Zai sami kimanin kilomita 3,400, watau mil 2,100 da 'yan kai. Na ce ƙwallo ban ce taswirar bango ba, domin duniya a dunƙule take, duk wanda ya shimfiɗa ta a takarda kuwa dole ya ja wani gefe ya matse wani. Wannan awo shi ne iyakar gajartar hanya, ba wani injiniya da zai rage masa mil ɗaya.

Jirgin fasinja na zamani in ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a sa'a. A raba 3,400 da 850, an sami sa'a huɗu cif. Ragowar rabin sa'ar yana tafiya wajen hawa da sauka, gama jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya ɗaga ƙafa dubu talatin da wani abu, kuma tun yana da sauran tafiya mai yawa yake fara sassautawa. Iska ma tana da nata rabo. Da damina akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke busowa daga gabas ta bi ta kan Sudan da Cadi, tana tare mai tafiya Makka, tana tura mai komowa. Da hunturu kuwa sai al'amarin ya juya. Tun da yake watan Zulhajji yana matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, alhajin bana da na shekara goma sha biyar masu zuwa ba iska ɗaya za su tarar ba.

Akwai kuma wani ruɗani da agogo ke kawowa, wanda ya sha sa tsofaffi gardama a zaure. Agogon Saudiyya yana gaban namu da sa'a biyu. Dalili kuwa, duniya tana juya digiri 15 a kowace sa'a, tsakanin Kano da Jidda kuma akwai digiri 30 da ɗoriya, saboda haka alfijir yana keto musu sa'a biyu kafin ya iso mu. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 10 na dare ya yi sa'a huɗu da rabi a sama, zai sauka agogon filin Jidda na cewa 4 da rabi na asuba, ya rantse sa'a shida da rabi ya yi. Ran komowa kuma ya ga kamar biyu da rabi kaɗai. Amma wannan wasan agogo ne, ba shi ya ƙara wa alhazan 2023 tafiya ba.

Sai mu koma ga zarenmu, mu duba ƙasashen da ya kwanta a kansu. Daga Kano ya bi ta ƙasar Yobe, ya shafi kusurwar Nijar wajen Difa, ya wuce ta arewacin Tafkin Cadi, ya ratsa ƙasar Cadi daga yamma zuwa gabas, ya shiga Sudan, ya ƙetare Kogin Nilu kusa da Dongola, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Fot Sudan. In ka auna abin da ya hau kan Sudan kaɗai, za ka ga ya kai kilomita 1,400, watau kashi biyu cikin biyar na tafiyar duka. Riƙe wannan, nan maganar take.

Su jiragen ba zaren nan suke bi daidai wa daida ba. Sama ma tana da hanyoyinta sanannu, kamar yadda daji ke da burtali, kuma hanyar da aka saba bi ta ɗan karkata kudu, ta kan Njamena da Darfur da tsakiyar Sudan. Abin sha'awa, ita ce dai hanyar da kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna: Kano, Barno, Fallomi wadda ake kira Njamena yanzu, Abashe ta ƙasar Wadai, Jinaina, Fashir, Ubayyid, Hartum, har Sawakin inda ake shiga jirgin ruwa. Ayari mai cin kilomita 25 a yini, ko da a ce hanyar miƙaƙƙiya ce kuma bai huta ko kwana ɗaya ba, sai ya yi fiye da wata huɗu. A zahiri kuwa shekaru ake yi, domin guzuri yakan ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ya shiga ƙodagon auduga a gonakin Jazira bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Da yawa ba su ƙarasa ba, da yawa sun ƙarasa amma ba su komo ba. Zuriyarsu na nan a Sudan har yau suna jin Hausa, haka kuma zuriyar mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Allah Ya jiƙan magabata.

Jirgin sama ma da ya fara zuwa ƙasarmu, ta wannan hanya ya ɓullo. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, shugabansu wani hafsa ana ce da shi Arthur Coningham. Daga Halwan ta ƙasar Masar suka taso ran 27 ga Oktoba, suka yi ta yada zango a Sudan da Cadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, yana sauka Ubayyid, Fashir, Jinaina, Fallomi da Maiduguri. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, daga 1940 aka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, ana tuƙo su ta Ikko da Kano da waɗannan garuruwa har Alƙahira. Girman filin jirgin Kano daga nan ya samo asali. Jiragen farfela na shekarun 1950, irin su DC-4, gudunsu bai wuce mil 230 a sa'a ba, watau fiye da sa'a tara ke nan zuwa Jidda ko da ba a sauka shan mai ba. Da jiragen jet irin su Boeing 707 suka shigo daga 1958 sai tafiyar ta ragu da rabi. Daga nan kuwa ta tsaya cik. Jirgin yau ya fi na wancan zamani girma da tsimin mai da rashin ƙara, amma bai fi shi gudu ba. Shekara sittin ke nan ilmin ƙere-ƙere bai rage wa alhaji ko rabin sa'a ba, sai ga rikicin kwana ɗaya ya ƙara masa biyu.

Ran 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Hartum tsakanin sojan gwamnati na Janar Abdul Fattah Burhan da rundunar RSF ta Janar Muhammad Hamdan Dagalo. Filin jirgin Hartum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka ƙone jirage a tsaye, aka rufe sararin samaniyar ƙasar.

Wani zai ce, jirgin da ke tafe ƙafa dubu talatin da biyar a sama, me ya haɗa shi da masu harbe-harbe a ƙasa? Abu biyu. Na fari, bisa ga yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Shikago na Amurka a 1944, kowace ƙasa ita ke da mulkin saman da ke bisa kanta, ba mai ratsawa sai da izninta. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, jirgi ba ya tafiya shi kaɗai kamar shaho. Tun daga tashinsa har saukarsa akwai ma'aikata a ƙasa da ke magana da matuƙi ta rediyo, suna gaya masa tsawon da zai riƙe, suna raba shi da sauran jirage, in ya fita yankin wannan ya miƙa shi ga na gaba. A Nijar da Cadi da Kamaru wata hukuma ce ta haɗin gwiwa mai suna ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ke wannan aiki. Na Sudan kuwa a lokacin a Hartum suke zaune. Ran da suka bar kujerunsu don tsira da rai, sai kilomita 1,400 na hanyarmu suka zama daji ba mai gadi. Har wa yau, ko da yake Sudan ta Kudu ta sami mulkin kanta tun 2011, a 2023 daga Hartum ake lura da jiragen da ke wucewa can ƙololuwar samanta, saboda haka rufewar ta shafe ta ita ma, sai da hukumar jiragen sama ta duniya ta tsara waɗansu hanyoyi na wucin gadi ta kanta. Ga kuma kamfanonin inshora, waɗanda ba sa yarda jirgin da suka tsaya wa ya bi ta kan fagen fama.

Da ƙofar gabas ta rufe, sai a zaga ta arewa ko ta kudu. Ta arewa ta fi kusa: a bi ta Nijar, a shiga kudancin Libiya, a faɗa Masar, a ƙetare teku. A zare bai fi kilomita 3,700 ba. Amma Libiya ba ta zauna lafiya ba tun 2011, kamfanoni da yawa suna ƙaurace wa samanta. Ta kudu kuwa sai an gangara Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a nufi wajen Yuganda da Kenya, a hau ta Habasha, sa'an nan a juyo arewa a bi Bahar Maliya. Wannan ya haura kilomita 5,000. Mutumin da alƙiblarsa ke gabas maso arewa, ga shi an nufi kudu da shi har kusa da tsakiyar duniya! Sa'a biyun da muke nema ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka sa'a biyu abin wasa ne, wai a ƙara gyangyaɗi kaɗan a kujera. Babban jirgi mai injin biyu yana shan mai wajen tan 6 a sa'a, mai injin huɗu irin Boeing 747 yana shan wajen tan 10. Kuma jigilar alhazai ba kamar sauran jigila ba ce. Jirgi yakan tafi cike ya komo wayam don ya ɗebi na gaba, bayan Arfa kuma ya tafi wayam ya komo cike. Watau kujerar alhaji ɗaya sawu huɗu ake yi mata, ƙarin sa'a biyu ya zama takwas. Kowace ƙasa da aka ratsa tana karɓar kuɗin wucewa. Matuƙa suna da iyakar sa'o'in da doka ta yarda su yi aiki a jere, zuwa da komowar da ƙungiya ɗaya ke iya yi a da, yanzu sai an nemi ta biyu. Jirgin da ke sawu da yawa a mako kuma sawunsa ya ragu, ga Saudiyya tana da ranar da take rufe filayenta ga masu zuwa haji, ba ta ɗaga wa kowa.

Shi ya sa a watan Mayu 2023, ana sauran 'yan makonni a fara jigila, kamfanonin jiragen Nijeriya suka ja da baya ga sa hannu a yarjejeniyarsu da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, sai da maganar ƙarin dala 250 a kan kowace kujera ta shigo. A shekarar Nijeriya tana da kujera 95,000, daga ciki 75,000 na jihohi ne. A buga 250 sau 75,000, an sami dala miliyan 18 da dubu 750. Wannan shi ne ƙarin da yaƙin Hartum ya jawo wa jigilar manoman Gumel da 'yan kasuwar Funtuwa, mutanen da ba su san Burhan ba, ba su san Dagalo ba. A ganina kamfanonin ba su yi ƙarya ba da suka ce tafiya ta ƙara tsada, lissafin da muka yi a sama ya nuna haka. Ko 250 ɗin ne daidai ko ƙasa da haka, wannan sai wanda aka buɗe wa littafi.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da muka ga na biyu. Bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, sojan Nijar suka rufe samansu ran 6 ga Agusta, ba su buɗe ba sai farkon Satumba. A 'yan makonnin nan Nijar a rufe, Sudan a rufe, Libiya ana gudunta, sai ya zama an gitta shinge a tsakiyar Afirka tun daga iyakar Mali har Bahar Maliya. Jiragen da ke tasowa daga Turai zuwa Abuja da Ikko da Afirka ta Kudu suka riƙa zagawa. Mu da muka saba alfahari da cewa Kano mararraba ce ta jiragen duniya, ya kamata mu lura mararraba ba ta da amfani in hanyoyin da suka haɗu a kanta sun toshe.

Amma kada a ɗora wa nisa laifin da ba nasa ba, gama akwai masu yi. Duk sa'ad da kuɗin kujera ya tashi sai ka ji ana cewa ai hanya ce ta yi tsawo. Mu gwada wannan magana da alƙalami. Daga Maiduguri zuwa Jidda kimanin kilomita 3,000 ne, daga Sakkwato 3,700, daga Ikko 4,200. Saboda wannan bambanci ne hukuma ke yanka kuɗi kashi-kashi. A 2025 maniyyacin Barno da Adamawa ya biya wajen naira miliyan 8 da dubu 330, na sauran jihohin Arewa miliyan 8 da dubu 460, na Kudu miliyan 8 da dubu 780. Watau tsakanin Maiduguri da Ikko, ratar kilomita 1,200, bambancin bai kai naira rabin miliyan ba, kashi biyar ko shida cikin ɗari na kuɗin. Alhali a 2023 kujerar Arewa ba ta kai naira miliyan 3 ba. Me ya ninka ta kusan sau uku cikin shekara biyu? Jidda ba ta ƙaura ba. Naira ce ta faɗi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, aka sake ta a watan Yuni na shekarar, a 2025 ta kai wajen 1,500. Kuɗin jirgi da masauki a Makka da Madina da tantin Mina da abinci duk da kuɗin waje ake biyansu. Dala 250 ta zagaye a farashin wancan lokaci naira dubu 115 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na kujerar ba.

Akwai kuma sa'o'in da ba a rubuta su a tikiti. Duk wanda ya taɓa rakiya sansanin alhazai ya ga tsofaffi a kan tabarma kwana biyu, kwana uku, an kira su tun jirgi bai iso ba, ko biza ba ta fito ba. Mutumin da ya kwana uku a sansani don tafiyar sa'a biyar, in ka tambaye shi nisan Jidda, me zai ce maka? Wannan jinkiri ba Sudan ta jawo shi ba, a ofisoshinmu ake ƙera shi, kuma shi ne ya fi sauƙin magani, tun da ba ya bukatar sulhunta janar-janar biyu, sai dai jerin sunaye mai kyau da faɗin gaskiya game da ranar tashi.

Game da Sudan kuwa, ina ganin mun yi sakaci da muka ɗauki yaƙinta kamar labarin wata ƙasa mai nisa da ake ji a rediyo. Jinaina, inda aka yi wa jama'a kisan gilla a 2023, zangon kakanninmu ce. Fashir, wadda aka yi wa ƙawanya tun Mayu 2024 har ta faɗa hannun RSF a Oktoba 2025, nan jiragen farko masu zuwa Kano ke shan mai. Ɗalibanmu da ke karatu a Hartum a mota aka kwashe su zuwa iyakar Masar da Fot Sudan a 2023 kafin a samo musu jirgi. Sojan gwamnati sun karɓe filin jirgin Hartum a Maris 2025, amma karɓe fili dabam, mayar da na'urori da ma'aikata da amincewar kamfanonin duniya dabam, wannan yakan ɗauki lokaci. Ƙasar da ke tura dubun dubatar mutane ta kan Sudan kowace shekara, wadda kuma take da 'yan'uwa masu jin harshenta a can, tana da hujjar sa baki a neman sulhu fiye da yawancin masu zama a teburin.

Abin da nake roƙon Hukumar Alhazai da hukumomin jihohi shi ne, duk shekara in za a sanar da kuɗin kujera, a buga shi filla-filla: kuɗin jirgi kaza, ta hanya kaza za a bi, sa'a kaza, a kan dala kaza aka yi lissafi. A manna a ofishin kowace ƙaramar hukuma inda mai biya zai gani, ko ya sa ɗansa ya karanta masa. Dalilina shi ne, abin da aka ƙara saboda larura ba ya saukowa don kansa. In ba a rubuta a fili cewa kaza daga cikin kuɗin nan na zagaye ne ba, to ranar da jirage suka koma bin ta kan Darfur ba wanda zai tuna ya ce a cire, sai ya narke cikin jimla. Malamin da ke karɓar kuɗin maniyyata a ƙaramar hukumarsa yana da ikon ya rubuta wa hukumar jiharsa ya nemi wannan bayani tun kafin a buɗe rajistar baɗi, in an ba shi kuma ya adana kwafi a fayil don a gwada da na shekarar da ke biye.